Baƙin doki don roƙon ruwa: abin da na gani a Kifune

Ɗalibi a Kyoto:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Kwana biyu kun ji ni shiru, jarrabawa ce ta riƙe ni. Ranar Asabar ɗin da ta wuce malaminmu ya kwashe mu, mu ɗaliban da yake duba aikinmu, ya kai mu wani ƙauye a cikin duwatsun arewacin Kyoto, ana ce masa Kibune. Tun da na dawo abin yake ta yi mini yawo a rai, shi ne na ce bari in kawo shi nan mu tattauna.

Daga tashar Demachiyanagi muka hau ƙaramin jirgin ƙasa na Eizan, tafiyar kamar rabin awa, muka sauka a Kibuneguchi. Akwai bas daga nan, amma malamin ya ce mu taka da ƙafa. Kimanin kilomita 2 ne, hanya 'yar siririya, dutse ta wannan gefe, rafi ta wancan. Zafin cikin gari, wanda ke manna wa mutum riga a jiki, sai raguwa yake yi muna ƙara hawa. Ruwan rafin kuwa garau, kana iya ƙirga tsakuwar da ke ƙasansa. Masu gidajen abinci sun kafa dandamali a kan ruwan, an shimfiɗa tabarmi, mutane na zaune suna cin abinci ruwa na gudu a ƙarƙashinsu. Kawadoko suke kiran wannan, daga Mayu zuwa Satumba ake yi.

A can sama akwai wurin bautar addinin Shinto mai suna Kifune. Matattakalar dutse ce ake hawa, sama da 80, jajayen fitilu jere dama da hagu. Abin da suke bauta wa a wurin sunansa Takaokami, wanda suka ɗauka shi ke da ruwan sama da maɓuɓɓugar ruwa. A farfajiyar na ga mutum-mutumin dawaki biyu, baƙi da fari. Malamin ya ce a da idan fari ya tsananta, sarkin Japan kan aiko da baƙin doki mai rai a roƙi ruwa, idan kuma ruwa ya yi yawa ya ƙi ɗaukewa, sai a aiko da farin doki.

Ban rusuna ba, ban tafa hannu ba, ban jefa kuɗi a akwatinsu ba. Na tsaya gefe ina kallo. Amma gaskiya yadda mutanen nan ke riƙe da bakin ruwansu ya taɓa ni. Tun daga tasha har ƙarshen kwarin ban ga leda ko ɗaya a cikin rafin ba.

Baban Khalifa:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, karatu aka tura ka ko yawon gidajen tsafi? Me ya kai Musulmi inda ake bautar wanin Allah? Ni tun daga nan na tsaya, sauran bayanin ban ma ga amfaninsa ba.

Autar Mama:
Haba Yaya, ai ya faɗa bai yi komai na bautarsu ba. A bari mu ji mana. Ni ban ma san Japanawa na da addininsu daban ba, na ɗauka duk 'yan Buda ne.

Malam na Zaure:
Baban Khalifa, a yi haƙuri, a bi abin a hankali. Tambayarka tana kan hanya, sai dai hukunci yana bin abin da mutum ya aikata da niyyar da ta kai shi. Wanda ya je don girmama abin bauta, ko neman albarka, ko shiga ibadarsu, wannan ba mai ja a kan haramcinsa. Wanda ya bi malaminsa ya ga wuri don ilimi, bai sa hannu a komai ba, maganarsa daban ce, duk da akwai malaman da suka ƙi shiga irin wuraren gaba ɗaya, kuma suna da hujjarsu. Ɗana, ina da tambaya. Akwai gunki a ciki? Kuma an nemi ka yi wani abu ka ƙi?

Ɗalibi a Kyoto:
Allah ya gafarta Malam, ban ga gunki ba. Yawancin wuraren Shinto haka suke, ba a baje wani sassaƙe a gaban jama'a. Abin da suke cewa kami, wato abin bautarsu, yana sauka a cikinsa, sau da yawa madubi ne ko takobi ko dutse, a rufe yake a can ƙuryar ɗakin, masu ziyara ba sa ganinsa. Mutum ya zo gaban ɗakin, ya jefa kwabo, ya rusuna sau biyu, ya tafa sau biyu, ya ƙara rusunawa sau ɗaya, ya wuce.

Abin da aka miƙo mini na ƙi shi ne takardar duba. Kifune ta yi suna da ita. Takarda ce da za ka gan ta kamar ba rubutu a tsakiyarta, sai ka ɗora ta a kan ruwan da ke fitowa daga jikin katangar dutse, kafin minti ɗaya rubutu ya bayyana, wai yana faɗa maka sa'arka a aure, lafiya, tafiya, kasuwanci. Har da lambar da za ka haska da waya ta fassara maka zuwa wani harshe. Wata abokiyar karatunmu ta ce za ta saya mini, na ce mata addinina ya hana. Ta ba ni haƙuri har sau uku, ba wanda ya sake tayar da maganar.

Malam na Zaure:
Ka yi daidai. Wannan duba ne, ko da an yi shi da sunan wasa. Kuma rashin gunki a fili bai canza komai ba, duk wanda ya roƙi ruwa a wurin wanin Allah ya yi shirka. Amma a kula da harshe. A Suratul An'am, aya ta 108, an hana mu zagin abin da wasu ke kira, don kada su rama da zagin Allah cikin jahilci. A faɗi gaskiyar aƙida ba tare da cin mutunci ba.

Malamin Tarihi:
Bari in sa baki, don wannan fage nawa ne. Autar Mama, Shinto shi ne addinin gargajiyar Japan, ya riga addinin Buda isa can, wanda ya shigo ta Koriya a ƙarni na 6. Ba shi da wanda ya kafa shi, ba shi da littafi guda da ake cewa saukakke ne. Wuraren bautarsa sun kai kusan 80,000 a ƙasar. Mutum ɗaya kan je wurin Shinto ranar sabuwar shekara ko idan an yi haihuwa, idan aka yi mutuwa kuma a kira limamin Buda, ba sa ganin karo a ciki.

Kalmar kami ita ce ke rikita masu fassara. Ba Mahalicci guda suke nufi ba. Dutse, tsohuwar bishiya, rafi, kakan da ya mutu, duk suna iya zama kami, har suna cewa kami miliyan takwas ne, ma'ana ba su ƙirguwa. Idan za a kwatanta da abin da Bahaushe ya sani, ya fi kusa da iskokin da Maguzawa ke yi wa yanka a gindin tsamiya ko bakin rafi.

Shi wannan Takaokami, labarinsa yana cikin tsohon kundin tarihinsu Nihon Shoki, wanda aka kammala a shekarar 720. A tatsuniyar, wata kami mai suna Izanami ta mutu wajen haihuwar kamin wuta, mijinta Izanagi ya fusata ya sare ɗan da takobi, daga wani yanki na jikin mai wutar sai mai ruwa ya fito. Harafin da suke rubuta sunansa da shi ma abin kallo ne: ruwan sama a bisa, baki uku a tsakiya, dodon nan mai siffar maciji a ƙasa.

Ɗalibi a Kyoto:
Malam, ka tuna mini. Malaminmu ya zana mana harafin nan a bayan tikitin jirgi, sai da ya ɗauki lokaci saboda yawan zanensa. Ya kuma gaya mana wani abu da ya burge ni. Sunan ƙauyen Kibune, amma sunan wurin bautar Kifune. A Japananci, idan sauti ya yi kauri, kamar fu ya koma bu, kalmar da suke amfani da ita ita ce dai kalmar gurɓacewar ruwa. To wai ba sa son sunan mai ruwa ya gurɓace ko a baki.

Inna ta Damagaram:
Ikon Allah. Ɗana, ni maganar dokin ce ta tsaya mini. Yanka shi suke yi ko me? Kuma har yanzu ana kaiwa?

Malamin Tarihi:
Inna, a abin da aka rubuta na zamanin da Kyoto ke babban birni, miƙa shi ake yi da ransa, ya zama na wurin. Launin ma da ma'ana, baƙi kamar hadari, fari kamar sama ta washe. Ba Kifune kaɗai ba, akwai Niukawakami a yankin Nara, inda tarihinsu ya nuna an kai baƙin doki a shekarar 763 saboda fari. Da Kyoto ta zama mazaunin sarki a 794, sai Kifune ta samu girma, don tana can saman ruwan da ke gangarowa cikin kogin Kamo, wanda ya ratsa birnin. Tana cikin wurare 22 da fada ke aika wa manzanni idan wata masifa ta taso.

Doki kuwa ba kowa ke iya bayarwa ba, kuma ciyar da shi nauyi ne a kan masu wurin. Sannu a hankali sai aka koma zana doki a jikin allo a miƙa. Daga nan aka samu ema, 'yan allunan katako da ake rubuta buƙata a rataye, waɗanda yau babu wurin Shinto da ba za ka gan su ba. Sunan ma ma'anarsa hoton doki. Kifune tana cikin wuraren da ake danganta asalin al'adar da su.

Inna ta Damagaram:
To ka ji. Manomi dai ko'ina yake idonsa na sama. Mu muna yara idan damina ta yi tsaiko, gero ya fara murɗewa, liman kan fitar da gari duka bayan gari, har da yara da tsofaffi, a yi raka'a biyu, a juya mayafi, a yi ta kuka ga Allah. Sau da yawa kafin a kai gida hadari ya haɗo. Su ma shinkafarsu ce ta kai su. Tausayi suka ba ni, wahalar ɗaya ce, ƙofar da suka ƙwanƙwasa ce ba ita ba.

Injiniyan Ruwa:
Na karanta duka, kuma akwai inda ban yarda da ƙanena ɗalibi ba. Yadda ka kawo labarin, mai karatu zai ɗauka tsoron kami ne ya tsabtace ruwan Japan. Ba haka ba ne, kuma tarihinsu na kusa ya isa shaida.

Wuraren bautar nan suna nan daram lokacin da masana'anta ta zuba sinadarin makuri a tekun Minamata, cutar da aka gano a hukumance a 1956, mutane suka shanye, aka haifi jarirai da naƙasa. Suna nan lokacin da gubar kadmiyam daga ma'adinai ta bi kogin Jinzu a Toyama ta shiga gonakin shinkafa, ƙasusuwan mata suka riƙa karyewa, har aka sa wa cutar suna itai-itai, wato wayyo-wayyo. A Kyoto ɗin kanta, marina sun daɗe suna ɗauraye yadi a cikin kogin Kamo, ruwan na canza launi. Me ya tsayar da waɗannan? Shari'o'in da talakawa suka kai kotu, da dokar hana gurɓata ruwa ta 1970, da kuɗin da aka narkar wajen gina magudanan ƙarƙashin ƙasa da wuraren tace ƙazanta. Ruwan famfon da kake sha a ɗakinka ma ba daga Kifune yake ba. Yawancinsa daga tafkin Biwa ne, ta hanyar ruwan da aka haƙa ta cikin duwatsu, wadda kashinta na farko ya kammala a 1890. Injiniyoyi ne suka yi, ba masu tsafi ba.

Ɗalibi a Kyoto:
Yaya Injiniya, ban musa ko ɗaya ba. Minamata ma mun yi ta a aji, har da hotuna, ranar ban iya cin abincin dare ba. Amma doka tana kama masana'anta ne, ba ta bin yaro ɗan shekara biyar. A gabana wani yaro ya gama shan abin kwalba a bakin rafin, ya waiga bai ga kwandon shara ba, don can da wuya ka ga kwando a hanya, sai ya miƙa wa uwarsa ta sa a jaka. Ba ɗan sanda, ba mai gadi. Ni abin da nake cewa, mutanen da suka shafe shekara fiye da dubu suna ɗaukar kan ruwa a matsayin wurin da ba a wasa da shi, ba a sare dajin da ke kewaye da shi, ba za a ce wannan bai bar komai a tarbiyyarsu ba.

Injiniyan Ruwa:
Tarbiyyar makaranta ce. Yaran Japan su ke share ajinsu da kansu kullum. Kuma dajin da kake yabo, ba duka ne na gado ba, da yawa daga duwatsun ƙasar dashen itacen sugi ne da aka yi don katako. Ka tambayi malaminka abin da guguwar Jebi ta yi a Satumbar 2018. Itatuwa ta kwantar rututu a wannan kwarin, jirgin da ka hau ya yi makonni bai kai can ba. A Yulin 2020 kuma zaftarewar ƙasa ta rufe sashen layin fiye da shekara guda.

Malamin Tarihi:
Ku biyun kowa ya riƙe gefe ɗaya na tabarma. Abin da Injiniya ya kawo na ƙarshe ma shi ne asalin wurin. Ba don ruwa na da kyau kaɗai suke bauta masa ba, tsoronsa suke ji. Ginin farko yana can ciki, kimanin mita 700 sama da inda ɗalibi ya ga dawakin. Ambaliya ce ta lalata shi a 1046, aka dawo da babban ɗakin inda yake yanzu a 1055. Ana ba da labarin sarki Shirakawa, wanda ya juya ƙasar yadda ya so, cewa abu uku ne suka gagare shi: ruwan kogin Kamo, da 'ya'yan caca, da sufayen dutsen Hiei masu ɗaukar makami. A Yunin 1935 ma Kamo ya cika ya kwashe gadoji a tsakiyar birnin. Mutanen da ke zaune a ƙarƙashin irin wannan ruwa, ko su yi masa madatsa ko su yi masa ɗakin bauta. Su sun yi duka biyun.

Autar Mama:
Yaya ɗalibi, ka isa can cikin? Me ke wurin?

Ɗalibi a Kyoto:
Na isa, ƙanwata. Can ne ma ya fi tsaya mini a rai. Jama'a sun ragu, dogayen itatuwa sun rufe sama, ba ka jin komai sai ruwa. Akwai tarin duwatsu da aka jera kamar siffar kwalekwale, gansakuka ta lulluɓe shi. A labarinsu, wata mai suna Tamayori-hime ce ta taso daga bakin teku wajen Osaka a cikin jirgi ruwan ɗorawa, ta bi kogin Yodo, ta shiga Kamo, tana neman inda ruwan ya faro, har ta tsaya a nan. Wai jirgin ne aka binne a cikin duwatsun. Suna kuma cewa a ƙarƙashin ɗakin akwai ramin dodon ruwa, wanda ba a yarda kowa ya leƙa ba.

A tsakanin wuraren biyu akwai na uku, ƙarami, inda 'yan mata suka fi yawa. Neman dacen aure ake zuwa yi, suna rubutu a koren takarda siririya suna ɗaurewa.

Malamin Tarihi:
Rami da maciji da ruwa. Duk wanda ya san labarin rijiyar Kusugu a Daura zai ji wani abu ya motsa masa. Ba cewa nake yi akwai dangantaka ba, babu. Sai dai mutane a wurare masu nisa da juna sun sa wa ruwansu mai gadi mai siffar maciji. Bambancin, a Daura Bayajida kashe macijin ya yi aka samu ruwa kullum, a Kifune gina masa ɗaki aka yi a kai.

Kuma kada a ɗauka wurin duk fitilu ne da neman aure. Sunansa ya daɗe da haɗuwa da wani mugun sihiri, inda mai ƙiyayya kan fito tsakar dare, tsakanin ƙarfe 1 da 3, ya kafa 'yar tsanar ciyawa a jikin bishiya da ƙusa don cutar da wani.

Baban Khalifa:
Kun gani ko? Duba, sihiri, dodo. Abin da na faɗa tun farko ke nan. Ni dai ina nan a kan bakata, da bai je ba ya fi. Tsabta kuma ba sai mun je Japan za mu koya ba. Addininmu ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, ya hana ɓarnar ruwa ko wajen alwala.

Injiniyan Ruwa:
A nan kam muna tare, Baban Khalifa, sai dai ka zo ka ga abin da muke cirowa daga magudanai kafin kowace damina. Katifa, taya, mushen akuya, buhunan leda. Masu zubawar da alwalarsu suke wucewa masallaci. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Malam na Zaure:
Baban Khalifa ya ɗauki ra'ayin da ya fi nisa da shubuha, ba za a zarge shi ba. Ɗana, shawarata, tunda ka gani sau ɗaya ka fahimta, ba sai ka mai da shi wurin zuwa ba, musamman ranakun bikinsu. Amma ban ji ka ambaci salla ba. Tafiyar yini guda ce, ina ka yi azahar?

Ɗalibi a Kyoto:
Na karɓi shawara, Malam. Bikin ruwansu ranar 7 ga Yuli ne, an riga an gayyace ni, zan ba da uzuri.

Maganar salla kuwa, a ƙofar wurin akwai kwamin da suke wanke hannu kafin su shiga, hagu, dama, sannan kurkure baki. Na tsaya ina tunanin ko ya halatta in yi alwala da shi, zuciyata ba ta kwanta ba, na bari. Da muka gangaro, can ƙasa da gidajen abincin, na samu inda ake iya sauka bakin rafi. Na gaya wa malaminmu ina buƙatar minti goma. Sanyin ruwan sai da ya sa haƙorana suka yi tsami, a tsakiyar bazararsu. Na duba alƙibla a waya, daga can tana wajen yamma ne ta ɗan karkata arewa, na shimfiɗa rigar ruwata a kan tsakuwa. Da na sallame na tarar duk sun juya baya sun yi shiru suna jira, malamin yana riƙe da takalmana don kada su jiƙe. Shin alwalar ta yi, Malam, tunda ruwan ta gaban wurin bautarsu ya biyo?

Malam na Zaure:
Ta yi, ɗana. Ruwa mai gudu ne, launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su canza ba. Abin da mutane suka ƙudurta a kansa ba ya shiga cikinsa.

Inna ta Damagaram:
Alhamdu lillahi. Ka gaishe mini da malamin naku. Kuma idan ka sake fita irin wannan tafiya ka riƙa sa 'yar darduma a jaka, tsakuwa na cin gwiwa.